Me ke cikin tankin man tsohuwar mota?

Tambaya: Ina da Peugeot 504 haɗin Kaduna, mai kafireto. In na yi tafiyar kamar kilomita 20 sai ta fara shaƙewa ta mutu, alhali da mai a tanki. In ta ɗan huta sai ta tashi. Bakanike ya ce a sauke tanki. Shin ba duro ne kawai ba?

Amsa: Malam, ba duro ba ne kawai. Tankin irin motarka na ƙarfe ne, kuma ba famfo a cikinsa kamar na motocin yanzu. Famfon yana jikin inji, daga can yake zuƙo mai. Abin da ke ciki shi ne siririn bututu da ya sauka kusa da gindin tanki, yawanci da ƴar rariya a bakinsa. Sai wata ƙwallo mai iyo a kan sandar ƙarfe, irin ta tankin ruwan gida, wadda hawa da saukarta ke juya allurar geji. Wasu tankunan suna da shingaye don kada mai ya riƙa tambal-tambal a kwana.

Matsalarka ɗayan biyu ce a ganina: ko tsatsa, ko toshewar kafar shan iska. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka duk wanda ya shiga, ko na raɓa ko na jarkar ƴan bumburutu, ƙasa yake kwanciya ya ci ƙarfe. Kana tafiya, ɓarɓashin tsatsa na taruwa a rariyar har ta toshe. Da inji ya mutu zuƙar ta tsaya, sai su zube, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Amma kafin ka biya kuɗin sauke tanki, gwada wannan. Tanki yana shan iska ta wata ƴar kafa, a murfi ko ta siririn tiyo, don ta maye gurbin man da ya fita. Ƙura na toshe ta, balle lokacin hunturu. Ranar da ta mutu, fito nan take ka buɗe murfin. In ka ji ya ja iska "fuuu", kuma ta tashi ba jira, to nan ciwon yake.

In tsatsa ce, a sauke a wanke, a duba rariyar. In an tarar da huji, kada mai walda ya matso da wuta don ya ga ba mai. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa, sai an wanke shi sarai warin ya fita tukuna.