Anti, na kasa gama littafi

Tambaya: Anti, da ina budurwa a Tudun Wada hayar littafin Hausa nake yi, kwana ɗaya na cinye, yanzu kuwa shafi biyu sai barci. Lafiyata kuwa? Daga wata uwa, Kaduna.

Amsa: Lafiyarki lau ƙanwata, gajiya ce da waya. Kin wuni girki da kai yara Islamiyya ga cunkoson Kawo, dare na yi TikTok na jiranki, shi ko ba ruwansa da natsuwa, littafi kuwa sai da ita. Ga tsada, kuɗin littafi ɗaya sai mutum ya tuna mudun shinkafa. Amma ni fa ban yarda mun daina karatu ba, dubi yadda mata ke bin labarai a WhatsApp da Wattpad. Bayan Isha'i ki bar wayar a falo, ki shiga ɗaki da ɗan siririn littafi.