Amsa ga Hajiyar da ɗanta ya samu karatu a Indonesiya

Hajiya, wallahi tun da na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi. Kin ce yaro ya samu gurbin karatu kyauta a Indonesiya, ke kuma kin ga bidiyon tsunami, wato ambaliyar teku mai hawa gari, a waya, barci ya ƙaurace miki, har kina tunanin hana shi tafiya. Ni ma na ɗanɗana wannan.

A 2011 maigidana yana Sendai ta ƙasar Japan yana digirinsa na uku, ni ina gidan surukaina a Tudun Wada da goyon wata huɗu. Ranar Juma'a 11 ga Maris, an sauko daga masallaci, Baba ya kunna rediyo, ina tsince shinkafa a tsakar gida. Sai na ji an ce girgizar ƙasa mai maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, ruwa ya hau gari, kuma aka ambaci Sendai da sunanta. Ban san lokacin da faifan ya suɓuce mini ba. Na kira layinsa har kuɗin wayata da na Inna suka ƙare, shiru. Da daddare muka ga filin jirgin Sendai a talabijin ɗin maƙwabta, motoci na yawo a kan ruwa kamar kwalin ashana.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba tekun ba ne, ƙanwar mahaifinsa ce. Ranar Asabar da safe ta zo, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce wanda teku ya ci ai ba a jiran gawarsa, in cire 'yan kunne in shiga takaba. A gaban Inna, uwar da ta haife shi! Ta ce ni na ingiza shi ƙasar waje saboda kwaɗayi, ga albashinsa yana isarmu. Ta zauna ta sha kunu kofi biyu, sannan ta fara tambayar wa ke riƙe da makullin motarsa. Mutane suka ji kukan Inna suka fara shigowa gaisuwa, har tabarma aka shimfiɗa a zaure. Ni ko ruwan nono ya ɗauke mini, yarinya na ta tsala ihu. Ranar Litinin sai ga kiransa da wayar aro: yana zauren wata makaranta da ɗaruruwan mutane, ba wutar lantarki, ga ƙanƙara, dunƙulen shinkafa ɗaya ake ba su. Unguwarsu na kan tudu, ruwa bai kai can ba. Gwaggon nan har yau ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma da ya dawo ita ta fara miƙo hannu karɓar tsaraba. Allah dai ya isa, na yafe amma ban manta ba.

To Hajiya, ni ban ce ki hana shi ba. Ki fara tambayar wane gari ne, a bakin teku yake ko a tudu. Indonesiya tsibirai ne sama da 17,000, ba duk wuri ɗaya ba ne. Yadda maigida ya yi mini bayani, bayan ƙasa falale-falale ne kamar tsagaggen kasko, suna matsawa a hankali kamar tsiron farce. A can wani falalen yana kutsawa ƙarƙashin wani, su cije tsawon shekaru, ranar da suka suɓuce gindin teku ya ɗaga, ya tunkuɗo ruwan gaba ɗaya. A tsakiyar teku gudunsa yakan kai kilomita 800 a awa, kamar jirgin sama. Shi ya faru a Aceh ta Indonesiya ranar 26 ga Disamba 2004, mutum wajen 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, har Somaliya ruwan ya kai. Na Japan kuma waɗanda suka rasu da waɗanda ba a gani ba sun haura 18,000.

Ki ja masa kunne: in ƙasa ta girgiza yana kusa da teku, kada ya jira sanarwa, ya nufi tudu ko saman bene mai ƙarfi. In ya ga teku ya janye baya, kifi na tsalle a yashi, ba arziki ba ne, gudu ne. Yaran yanzu sai su tsaya ɗaukar bidiyo! Mutanen tsibirin Simeulue na Indonesiya da wannan karatun na kakanni suka tsira a 2004, kaɗan ne suka rasu duk da kusancinsu da inda abin ya tashi. Kuma kada ya sauko bayan igiyar farko, ta biyu takan fi muni. Akwai kuma duwatsu masu aman wuta, a Disamba 2018 Anak Krakatau ya zabtare cikin teku da dare, ruwa ya ci mutum sama da 400 ba tare da an ji girgiza ba. In Yogyakarta aka tura shi, dutsen Merapi na kusa, ya bi abin da hukumar garin ta ce.

Nan ɗin ma ai ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Ni fa yanzu in maigida zai bi hanyar Abuja da yamma na fi shiga zullumi.

Don Allah ki karɓi lambar mutum biyu bayan tasa, abokin ɗaki da wani daga masallacin unguwarsu. Da ina da ko ɗaya da ban kwana uku a haukace ba. In wani abu ya faru, ki kulle ƙofarki, kada ki bar kowace gwaggo ta shigo miki da labari. Ki rubuto sunan garin, in maigida ya dawo sallar isha'i zan sa ya duba miki taswira.