Daga Katsina zuwa Amurka a jirgin shata: ina za a yada zango?

Ka ce: "Maigida, an kawo aikin wani ɗan kasuwa da abokan tafiyarsa shida, suna so a tashi daga Katsina zuwa New York a Challenger 605. Takardar jirgin ta ce yana cin mil 4,000. In tsayar da su sau ɗaya ko sau biyu, kuma a ina?"

To yaro, ajiye taswira tukuna, ka karɓo fasfo ɗinsu. Mai da iska su ne za su gaya maka inda jirgi zai iya sauka, amma fasfo ne ke gaya maka inda za a yarda mutanen su sauka. Sabbin shiga sukan gama lissafin mai tsaf, sai daga baya su tarar mutum ɗaya ba shi da takardar ƙasar da suka zaɓa, aiki ya dawo sabo.

Bari mu fara da nisa. Duk mil ɗin da zan ambata na jirgi ne, kowane ɗaya kilomita 1.852. Daga Katsina zuwa New York a miƙe kusan mil 4,500 ne. Ka ga maganar tafiya ba tsayawa ba ta taso ba, wannan sai manya irin G650ER mai cin 7,500. Kuma 4,000 ɗin da ka gani lissafin kamfani ne: mutane kaɗan, ba iska, jirgi ya hau tsayin da yake so. Ku mutum bakwai gare ku da akwatuna, kuma yamma kuka nufa, inda iskar sama ke bugun jirgi ta gaba, ta fi ƙarfi kuwa lokacin hunturu.

Hanyoyi biyu ne suka dace da wannan jirgin. Ta farko tsibirin Sal a Cape Verde: kusan mil 1,800 daga nan, sannan 3,000 zuwa New York. Ta biyu Santa Maria a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, wadda ta raba tafiyar kusan biyu daidai, wajen 2,270 kowane ɓangare. A takarda Santa Maria ta fi kyau, amma hanyarta ta ratsa Sahara, kuma kowace ƙasa da za a bi ta samanta sai ta ba da lambar izini. Ka tuna Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agustan 2023, jirage suka riƙa zagaye mai nisa. Ko Sal za ka, sai ka nemi izinin ƙasashen da ke kan hanya kwanaki kafin tafiya, ba ranar tafiya ba, don ofisoshin nan ba sa sauri ranar Asabar da Lahadi.

Ni Sal nake zaɓa idan iska ta yarda. Ga lissafin: jirgin na gudun wajen mil 450 a awa. Idan iska na ture shi da mil 50, ya koma 400, zangon 3,000 ya tashi daga awa shida da minti arba'in zuwa awa bakwai da rabi. A kan man wannan tafiya za ka ɗora kashi 5 cikin 100 na ko-ta-kwana, da man zuwa filin madadi idan New York ta ƙi, da na minti 30 na ƙarshe wanda ba a taɓawa. Cikin jirgin man da nauyinsa ya kai fam 20,000 yake ɗauka, ba ƙari.

Wurin da nake so ka tsaya ka natsu shi ne tsakiyar teku. Tsakanin Sal da Amurka ba ka da mafaka sai Sal a baya, Azores a arewa, Bermuda a gaba. Za ka fitar da gurbin da komawa da ci gaba suke cin lokaci ɗaya, sannan ka tambayi kanka: idan iskar cikin jirgi ta zuƙe a daidai nan, matuƙi ya sauko ƙafa 10,000 don mutane su iya numfashi, man zai kai shi? A ƙasa-ƙasa jirgi ya fi shan mai nesa ba kusa ba. Haka za ka maimaita lissafin da inji ɗaya. Idan ɗaya daga ciki bai fita ba, ba a lallaɓawa. A ƙara zango a Bermuda ko a koma hanyar Azores. Fasinja zai yi ƙorafin awa guda, ka bar shi ya yi.

Ka duba takardun jirgin ma. Sararin arewacin Atalantika tsakanin ƙafa 28,500 da 42,000 sai jirgin da ke da izini na musamman, da rediyon dogon zango mai aiki, da na'urar aika saƙo a rubuce tsakanin matuƙi da masu kula da hanya. Idan babu, za a danne shi ƙasa ko a karkatar da shi, lissafin manka ya rushe.

Yanzu fasfo. Ɗan Najeriya na cikin waɗanda Turai ke nema wa bizar ratsawa ko da filin jirgi kaɗai zai taka, amma wanda ke riƙe da bizar Amurka mai rai an ɗauke masa wannan. Wannan sassauci na wucewa ne kawai. Idan jirgi ya sami matsala a Santa Maria aka ce a kwana, shiga gari sai da cikakkiyar biza. Kanada ta fi tsauri: Gander da Goose Bay wuraren shan mai ne masu kyau, amma kada ka sa su a tsari sai kowa na da bizar Kanada. Shannon a Ayalan tana da jami'an Amurka da ke tantance jiragen alfarma tun kafin su ƙetare, sai dai daga Katsina zagaye ne, kuma ita ma tana da tata bizar. A Sal za a iya neman katin rigakafin shawara, don haka kowa ya riƙe nasa.

Idan akwai mai fasfon Birtaniya a cikinsu, kada ka ce ya huta. Izinin ESTA, wato na shiga Amurka ba biza, ba ya aiki a jirgin shata sai kamfanin jirgin ya sa hannu a yarjejeniyar shirin da gwamnatin Amurka. In bai sa ba, shi ma biza. Ka duba kowace biza da idonka: ranar ƙarewa, da ko shiga ɗaya ce. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, ta wata uku.

Sunayen duk wanda ke cikin jirgi za su shiga eAPIS, shafin kwastan na Amurka na aika sunayen matafiya, aƙalla minti 60 kafin tashi daga zangon ƙarshe, sannan a nemi izinin sauka daga kwastan na filin da za a fara taɓawa. Suna ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne wurin kwamfuta. Idan maigidan tafiya ya ce a ƙara ɗan'uwansa a bakin jirgi, sai an sake turawa an sami amsa. Bangor a jihar Maine ta saba da wannan aiki dare da rana, ta fi kusa da Sal da wajen mil 150, kuma bayan an tantance ku can sauran tafiyar ta zama ta cikin gida zuwa Teterboro, filin jirgi da ke dab da New York.

Ka gaya musu tun a gida: kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka. Ragowar abincin jirgi ma ba a zubarwa a kwandon shara, masu lasisi ne ke kwashewa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, a cike takarda.

Nan gida kuma, kada sunan filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa ka ɗauka jami'an shige da fice da kwastan na zaune suna jiranka kamar lokacin aikin Hajji. Ka rubuta, ka tabbatar, ka tabbatar akwai mai a ranar. In ba haka ba a bi ta Kano a buga tambarin fita. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu. Sa tashi bayan asuba ko da dare. Mai tanka da lita yake sayarwa, matuƙi da fam yake karantawa: lita ɗaya wajen kilo 0.8, wato fam 1.76. Ka rubuta duka biyun a takarda ɗaya, a kuma gwada man ko da ruwa kafin a ɗura.

Saura matuƙa. Awa huɗu da rabi zuwa Sal, awa guda a ƙasa, bakwai da rabi a teku, ga awa ɗaya da rabi na shiri: ka haura awa 14, wanda ya wuce abin da ake yarda wa mutum biyu. Ko dai su kwana a Sal, ko ka tura wasu matuƙan can tun jiya su karɓi jirgin. Duk lokutan ka rubuta su da agogon UTC, wato GMT; mu muna gabansa da awa ɗaya, Sal tana bayansa da ɗaya. Kawo mini fasfo bakwai ɗin da hasashen iskar ranar, sai mu zaɓa tsakanin Sal da Santa Maria.