Abin da raga ke gani, na'ura ba ta gani

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa muke shiga kogi da raga alhali ga na'urar gwaji a jaka. Na'ura halin ruwan a sa'ar da ka ɗiba kawai take faɗa maka. In an zubo guba da tsakar dare, kafin gari ya waye ta wuce, gwajinka ya fito tsaf. Su kuwa ƙwarin da ke manne a ƙarƙashin duwatsu ba su da wurin gudu, wasu sukan shekara a nan. Duk abin da ya ratsa ruwan, a kansu yake ƙarewa.

Nemi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu, zurfinsa bai wuce gwiwa ba. Kafa raga mai ido milimita 1 a ƙasa, bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ka tsaya gabanta kana birkita tsakuwar da ƙafa. Minti 3, da agogo ba da ka ba, a raba tsakanin tsakuwa, ciyayi da bakin gaɓa. Ƙara minti 1 kana juya duwatsu da hannu. Daga ƙasa ake farawa a hauro, in ba haka ba ka dama wurin da ba ka kai ba.

Juye a farin faranti da ɗan ruwa, ka bari ya kwanta, za su fara motsi. Duba mai jela uku sirara kamar gashi, da filafilan numfashi a gefen ciki. Da mai jela biyu. Da wanda ya ɗinka wa kansa kube da yashi ko tsinke. Waɗannan ba sa jure ƙarancin oksijin. Kada ka rikita na farkon da ɗan ƙaramin mazari, shi jelarsa uku faffaɗa ce kamar ganye. In kuwa farantin ya yi ja da tsutsa, ga matsattsaku, to ƙazanta ta cinye iskar ruwan.

Iri ake ƙirgawa, ba yawa ba. A ma'aunin BMWP, tsarin auna tsabtar ruwa ta ƙwarin cikinsa, kowane dangi na da maki daga 1 zuwa 10, masu son tsabtataccen ruwa ke da maki mai yawa, jar tsutsar nan 2 take ci. Haɗa makin, ka raba da adadin dangin.

Kada ka ɗiba bayan ambaliya, ruwa ya share su, sai ka ɗora wa kogin laifin banza. In bututun da ke zubo ruwa a kogin kake zargi, ɗiba sama da shi da ƙasa da shi a rana ɗaya, tsakuwa da tsakuwa, kada ka gwada laka da dutse.