Ku Tambayi Anti: Zuwa Yankari da yara, ya batun kogwannin nan?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah maigida ne yace zai kai mu Yankari hutun nan mu da yara uku, autan shekararsa 6, to kuma naji ance akwai wasu kogwanni a dajin da ake shiga, ni wallahi tsoro nake ji kar mu kai yara gidan macizai ko na mutanen ɓoye. Ana zuwa da yara kuwa? Kuma wane lokaci yafi? Maman uku, daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman uku, kwantar da hankalinki. Kogwannin Marshall ake ce musu, guda 59 ne, kuma mutanen da ne suka sassaƙe su da hannu a jikin dutse mai laushi, ana kyautata zaton nan suke fakewa zamanin farautar bayi. Sunan kuwa na wani P.J. Marshall ne da ya fito da labarinsu a 1980. Ba irin ramin nan bane da za kiyi ta nutsawa cikin duhu, ƙofar 'yar zagayayya ce sai kin durƙusa, ciki kuma kamar ɗan ƙaramin ɗaki, autanki ma sai ya fi ki jin daɗin shiga.

Amma fa kar maigida yace shi jarumi ne ku kama hanya a ƙafa ku kaɗai, dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200 kuma giwa da ɓauna a sake suke, ku ɗauki ɗan jagora daga sansanin Wikki, wato masaukin baƙi na cikin dajin, in yace a tsaya a tsaya, shi zai fara leƙa kogon kafin yaro ya cusa kai. Kowa ya saka kambas da dogon wando saboda ƙaya da ƙudan tsando, silifas a bar shi a ɗaki.

Lokaci kuwa rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe namun daji suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Da damina sai kuyi ta zagaye ba ku ga komai ba sai ganye. Ku fita da sassafe, in rana ta take ku dawo yara su faɗa ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke kusa da masaukin, ɗuminsa 31 ne a ma'aunin zafi dare da rana, garau har yashin ƙasa kina gani, ki dai riƙe autan a wajen da ba zurfi.

Ni abin da nake ji miki ba aljanu bane, gwaggon biri ne. Zuwana na ƙarshe ina zaune da ledar burodi a cinya wani ƙato ya taho a nutse kamar mai karɓar bashi ya fizge, ya koma gefe yana ɓare ledar yana kallona. Ki rufe ƙofa da gilashin mota, kuma kar ki bar yaro yana yawo da biskit a hannu.