Me ya sa masu kallo suka ƙi yarda cewa yaron kanti zai ci amanar ubangidansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ni da abokaina muna shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango, muna ɗora shi a YouTube kowane mako. Jarumin labarin yaron kanti ne da ya shekara 12 a hannun wani Alhaji, kowa ya san shi da riƙon amana. A kashi na 7 muka sa ya kwashe kuɗin ubangidansa ya gudu Kano, don labarin ya yi zafi. Sai masu kallo suka yi mana ca, suna cewa wannan yaron ba zai aikata haka ba, alhali a zahiri ana yin irin wannan. Ina kuskurenmu, kuma yaya za mu gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gode wa waɗanda suka yi muku ca ɗin, domin ba a cewa wane ba zai aikata abu kaza ba sai an ɗauke shi tamkar mutumin da aka sani, wato kashi shida na farko sun yi aikinsu. Inda gizo yake saƙar shi ne hujjarka ta cewa ana yin haka a zahiri. Ana yi, amma idan aka ce yaron wani Alhaji a Babbar Kasuwa ya gudu da kuɗi, maƙwabtan kanti sukan haɗa abin da kowa ya sani: wannan ya ce bashi ya yi masa katutu, wancan ya ce ai tun bara fuskarsa ta sauya. Mai kallonku ba shi da waɗannan maƙwabta. Abin da kuka nuna masa shi kaɗai ne shaidarsa, ku kuwa riƙon amana zalla kuka nuna masa.

Ka ce kun yi haka don labari ya yi zafi. Wannan buƙatar marubuci ce, yaron kantin kuwa bai san ana ba da labarinsa ba, saboda haka dole ya samu dalilin da yake nasa. Ba sai kun je nesa ba, domin dalilin yana cikin tsarin kasuwancin garin nan. Yaron da ya yi wa Alhaji bauta shekara da shekaru yana sa ran wata rana za a yi masa aure, a ba shi jari, a sallame shi ya tsaya da ƙafafunsa, ko da kuwa ba a rubuta wannan alkawari ko'ina ba. To, ku ce ɗan Alhaji ya gama karatu a Yamai ya dawo, aka miƙa masa mabuɗan kanti a gaban kowa, aka ce yaron nan da ya shekara 12 a kantin ya riƙa kai masa lissafi. Ku ce kuma rufe iyaka da Najeriya ta yi a watan Agustan 2019 ya taɓa cinikin Alhaji, shi ma yana da uzurin da ya sa yake ɗage sallamar. Ina son wannan ƙari ƙwarai, domin idan ubangidan azzalumi ne tsantsa, satar ta zama ramuwar gayya mai sauƙi. Idan kuwa mutumin kirki ne da ya shiga matsi, mai kallo zai rasa bayan wanda zai bi, kuma wannan ne zai dawo da shi mako mai zuwa.

Ko da dalili ya samu, mai amana ba ya fara ɓarna da buhun kuɗi. Ku ɗauki tafiya guda ɗaya ku nuna ta dalla-dalla. An aike shi Kano sayen atamfa, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ya isa Wapa a Fagge ya canza sefa zuwa naira, sai ya tarar darajar sefa ta fi yadda Alhaji ya ƙiyasta, rarar jika biyar ta rage a hannunsa. A da yakan mayar da irin wannan rara kafin a tambaye shi. A wannan karon ya dawo kanti, ya sa hannu a aljihu, ɗan Alhaji ya ce masa "lissafi ya cika?" ba tare da ya ɗaga kai daga wayarsa ba, shi kuma ya zare hannun babu komai ya ce ya cika. Wannan fitowa ba ta wuce minti biyu ba, amma ita za ta ɗauki nauyin abin da zai faru a kashi na 7. Ku bar ta haka, kada ku ɗora mata zancen zuci mai bayyana abin da ido ya riga ya gani.

Akwai abin da marubutanmu suke yawan tsallakewa, shi ne ƙofofin da Bahaushe yake ƙwanƙwasawa kafin ya yanke ƙauna. Mai kallo a Maraɗi ko Tibiri zai tambayi kansa: me ya hana yaron nan zuwa wurin aminin Alhaji ya sa baki? Ina liman, ina uwargida, ina mahaifiyarsa da za ta ce ba da yawunta ba? Wajibi ne ku nuna ya je, ko ku nuna abin da ya hana shi zuwa. Wataƙila ya je gidan aminin, ya durƙusa ya gaishe shi, aka kawo ruwa, aka yi ta hirar damina, kunya ta hana shi buɗe baki har ya tashi. Wataƙila ya faɗa, aka ce masa ya yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Duk ƙofar da kuka bari a buɗe, ta nan mai kallo zai daina yarda da ku. Wannan ne kuma ya sa ba a kwafo dalilan jaruman wasannin Indiya ko na Turkiyya da ake fassarawa, domin abin da yake ɗaure hannun mutum a can dabam ne da abin da yake ɗaure shi a nan.

Zan ja kunnenku game da gyara na gaggawa, wato a ce daga baya asiri aka yi masa, ko a fito da wata rashin lafiyar mahaifiya da ba a taɓa ambata ba. Asiri yana cire zaɓi daga hannun jarumi, ya mayar da shi kayan aikin boka, ga shi kuwa mutane suna kallonsa ne don su ga me zai zaɓa.

Tun da kashi na 7 ya riga ya fita, ku zauna ku sake kallon shida na farko da biro a hannu, ku nemo duk wani kallo, ko shiru, ko maganar Alhaji da za ta iya zama tushen ɓacin rai. Ku gina kashi na 8 a kan waɗannan, ta mahangar yaron, ba tare da kun ƙaryata abin da aka riga aka gani ba. Sannan ku sa halinsa na da ya bi shi Kano: ya kasa kashe kuɗin, yana rubuta duk abin da ya taɓa a ɗan littafi kamar mai shirin biya, yana kauce wa layin da Maraɗawa suke saye a Kantin Kwari don kada a gaishe shi da sunan ubangidansa. Kafin ku ɗauki zango na gaba kuma, ku rubuta labarinsa tun daga farko har ƙarshe, domin a san tun a kashi na 2 abin da kashi na 10 zai buƙata.