Fitilar da ba ta kashe ido

Tambaya: Salam Malam, dan Allah wace fitila ce nake gani a hotunan gidajen Turawa, kamar an jera kwanuka a kife, ba a ganin ƙwan?

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. PH 5 kike nufi, zanen Poul Henningsen ɗan ƙasar Denmark, kamfanin Louis Poulsen ya fitar da ita a 1958. Shi Henningsen da fitilar kananzir ya tashi, shi ya sa ƙwan lantarki tsirara ke damunsa, sai ya jera faya-fayan yadda ko ina kika zauna ba za ki ga ƙwan ba, hasken na sauka kan tebur a tausashe. Har ja da shuɗi ya shafa a ciki don gyara launin hasken, wallahi wannan dabarar na burge ni. 5 ɗin kuma faɗin babban faifan ne, santimita 50.